Layi Ya Buɗe

Shekara ashirin da biyu Yaya ta yi a ɗakin haɗa waya na masaƙa, wani ɗan ɗaki marar taga a bayan ofishin manaja. Duk mai son magana da wani a masaƙar sai ya bi ta hannunta. Ta san wanda matarsa ke yawan nema, ta san wanda ya ce a ce ba ya nan. Amma da zarar ta haɗa layi sai ta zare kunnenta. Ba ta taɓa sauraron hirar kowa ba, kuma da wannan take tinƙaho. Da wayar hannu ta shigo, cikin shekara biyu allon da ke gabanta ya daina kawo wuta. Aka kira ta ofis, aka yi mata godiya, aka ba ta agogon bango. Ƙannenta suka ci gaba da kiranta Ofareta, wato mai haɗa layi, na ɗan lokaci, sannan suka bari.

A shekarar ne Inna, mahaifiyarsu, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Yaya ce babba, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun kama gabansu, ga ɗaki a ƙasa babu hawa. Ko shawara ba a yi ba. Daga asibiti aka wuto da Inna gidanta, aka sa mata gado a gefen taga. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ta riƙe ta da kyau, ko maƙiyi ba zai musa ba. Ƙwaya huɗu da safe, biyu da yamma. Gishiri a bakin cokali, sukari babu. Wanka kafin rana ta ɗaga, ƙafa a kan matashi. Waya kuwa ɗaya ce a gidan, ta Yaya, ƙarama mai madannai, lambobinta duk sun goge. Mai son jin muryar Inna nan zai kira. In ta ci abinci ta natsu, a miƙa mata. In ba haka ba, amsar ɗaya ce, da muryar nan ta masaƙa: "Tana hutawa. A kira anjima." Malama, mai bi wa Yaya, takan ce ko likitan da ya yi wa Inna aiki ne ya kira, sai ya sha wannan hutawar. Labarin da zai tayar wa Inna da hawan jini, rasuwa ko rikicin gidan wani, Yaya takan riƙe shi kwana biyu, ta rage masa kaifi, sannan ta shigar.

Bara, Auta ya gama gininsa a can ɗaya ƙarshen garin. Ya yi ɗaki na musamman a ƙasa, da ƙarfen dafawa a bangon banɗaki. Ranar da suka haɗu su duka a ɗakin Inna, ya kawo maganar, yana ta kewaye-kewaye, wai ko Yaya ma ta samu ta huta. Inna ce ta ba shi amsa, a gaban kowa.

"Ina nan. Ni da Yaya sai dai a fitar da ɗayarmu a kwance."

Yaya ta ajiye maganar nan a ranta. In dare ya yi mata tsawo ko bayanta ya riƙe wajen ɗaga tsohuwa, ita take tunawa. Ba ta da wani abu da ya fi ta.

Babbar waya ta mamaye unguwar kamar an raba ta kyauta. Mai kayan miya na bakin titi da ita yake nuna wa mata abin da ya sauke. Mai kwashe shara yana tura amalanke yana dariya shi kaɗai. Yaya ta ƙi. Ta ce ta ga zuwan wata wayar ta ga tafiyarta, ba za ta yi rawar kai a kan gilashi ba. Auta ya ce wayarta ko ɓarawo ya ɗauka sai ya dawo da ita ya ba da haƙuri. Wata huɗu da suka wuce ya zo da kwali, ya ce tunda Yaya ta ƙi, to, wannan ta Inna ce.

Inna ta juya ta gaba da baya, ta tambaya ina madannan. Ta ƙwanƙwasa gilashin da bayan yatsa kamar mai sallama a ƙofa. Aka yi ta dariya. Ta sa mata suna madubi. Yaya ta ce ɓarna ce kawai, matar da ko baƙi ɗaya ba ta karantawa me za ta yi da wannan.

Aikin madubi sai ya dawo kan Yaya. Ita ke sa shi caji da safe, ita ke goge shi. Bayan la'asar kullum ɗaya daga cikin yaran zai kira, sai ta jiyo murya daga ɗaki: "Yaya, zo ki danna mini, madubin nan yana kuka." Sai ta taho tana goge hannu, tana mita, ta ja yatsa a kan koren da'irar, ta miƙa, ta tsaya a bakin ƙofa har a gama. A makonnin farko buƙatun Inna ba sa ƙarewa. A nuna mata hoton jika. A buɗe mata saƙon murya. A mayar da amsa. Yaya ma ba ta iya ba, sai ta kira matar Auta ta yi mata bayani, sannan ta zauna a bakin gado ta yi a hankali, Inna na leƙe ta kafaɗarta tana cewa a sake, ba ta gani ba. Daga baya tambayoyin suka ɗauke. Sai "zo ki danna mini" kaɗai ya rage. Yaya ta ce dama ta faɗa. A ƙasan ranta kuwa daɗi ta ji.

Akwai abubuwan da ta lura da su, ba ta haɗa su ba. Ƙaramar wayarta ta rage kuka. Inna ta daina ƙorafin gishiri. Akwatinta na ƙarfe da bargon sanyi ta ba matar Auta, wai a kai wa mabuƙata. Sannan ta tsiro da son wani sabulu da ba a samu sai a can ƙarshen kasuwa, tafiyar rabin awa, kuma guda ɗaya take so a sayo, wai in ya daɗe ƙamshinsa gudu yake.

Ranar Laraba madubi ya ƙi motsi. Wani rubutu ya fito a fuskarsa ya tsaya. Inna ta damu fiye da yadda Yaya ta zata. Ta ce a bari Auta ya zo ya ɗauka. Yaya ta ce don me za a taso mutum daga ƙarshen gari, ga mai gyara a kan kwana. Inna ta ce a dai bari, ta kuma tura shi ƙarƙashin matashi. Da barcin rana ya ɗauke ta, Yaya ta zare shi a hankali. So take tsohuwa ta farka ta tarar ya gyaru.

Mai gyaran yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, bayan akwatin gilashi cike da wayoyi, kowace an ɗaure ta da roba da guntun takarda. Mutum ne mai furfura a gemu, da tabarau a kan hanci. Ya kashe wayar ya kunna, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce ba lalacewa ta yi ba, cika ta yi maƙil, sai an rage mata kaya. Ya tambaya ta wace ce. Yaya ta ce ta mahaifiyarta ce, ta haura tamanin, ko ɗaga kira ba ta iya ba.

Ya dube ta ta saman tabarau.

"To, Hajiya, akwai aljani a gidanku, kuma ya iya waya."

Ya juyo mata da fuskar wayar. Saƙon murya da aka tura daga wayar nan ya wuce dubu. An jera mutane da hotunansu yadda ba sai an karanta suna ba. Akwai wani guruf da aka kashe wa ƙara aka tura shi wani lungu, ya ce ko shi sai da ya nema. Mutum shida ne a ciki. Ya nuna mata hotunan: Malama, Auta, matar Auta, sauran ƙannenta biyu, da Inna. Ya karanta mata sunan guruf ɗin, Layi Ya Buɗe. Ya ce bari ya buɗe ɗaya ta ji, in shirme ne ya share su gaba ɗaya.

Muryar Inna ce, amma ba wadda Yaya ta sani ba. Wannan tana da sauri, tana da dariya a ƙarƙashinta.

"Jama'a, layi ya buɗe. Ofareta ta tafi neman sabulu, muna da awa guda. Wa ke nan?"

Sai muryar Malama tana ƙyalƙyala dariya, tana cewa Inna Allah ya shirye ki.

Mai gyaran ya tsayar. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daina kallonta. Yaya ta tambaye shi ko yana da abin ji na kunne. Ya miƙo mata, ya tura mata kujerar roba da ƙafa. Ta sa a kunne ɗaya, na hagu, yadda ta saba. Shekara ashirin da biyu ba ta saurari layin kowa ba. Ta zauna ta saurara.

Ta yi zaton zagi za ta ji. Da zagin ne ma da ya fi sauƙi. Hira ce. Inna tana ba su labarin yadda ta haɗu da babansu a layin allurar rigakafi, labarin da Yaya ba ta taɓa ji ba. Inna tana rera wata tsohuwar waƙa, tana mantawa, tana farawa daga farko. Inna tana yi wa Malama faɗa a kan rikicin auren 'yarta, rikicin da Yaya take riƙe da shi tun makon jiya tana jiran ranar da jinin tsohuwa zai sauka. Ta ci karo da ranar da aminiyar Inna ta rasu. A ranar Inna ta sani. Ta yi kuka a cikin wayar, ta yi addu'a, sannan ta ce bari ta wanke fuska, ta ji motsin ƙofa. Yaya ta tuna yadda bayan kwana biyu ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunta, ta fara da cewa jikin aminiyar ya yi tsanani. Ta tuna yadda Inna ta dafe ƙirji ta yi salati.

Ta sa mai gyaran ya gangara zuwa na ƙarshe. Na ranar Litinin ne.

Inna ce ke tsara komai. Ranar Asabar Auta ya zo da mota, ya ce asibiti za a kai ta awon ƙashi. Daga can a kira a ce ta gaji, za ta kwana biyu a gidansa. Kwana biyu su zama goma, goma su zama wata. Akwati da bargo dama sun riga sun isa. Matar Auta ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko ba zai fi kyau a zaunar da Yaya a gaya mata ba.

"Kar wanda ya gaya mata a fuska," in ji Inna. "Ba ta da laifi. Ta riƙe ni kamar ƙwai. To, ni ba ƙwai ba ce. So nake kafin in mutu a dinga gaya mini labari da zafinsa."

Yaya ta zare abin kunnen, ta naɗe wayarsa a yatsu biyu, ta ajiye a kan gilashi. Mai gyaran ya tambaya me zai share. Ta ce ya share hotuna da bidiyon da ake turowa. Muryoyin kuwa kar ya taɓa ko ɗaya.

Ta tarar Inna ba ta farka ba. Ta mayar da wayar ƙarƙashin matashi, ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi. Ta jera ƙwayoyin yamma a murfin kwalba.

Bayan la'asar wayar ta yi kuka.

Inna ta gane an gyara ta, ke nan ta san an fita da ita. Duk da haka muryar ta zo, a raunane, irin ta kullum.

"Yaya, zo ki danna mini."

Yaya ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Inna na zaune, ƙafa a kan matashi, ta miƙo wayar da hannu biyu, hoton Auta yana haske a fuskarta. Yaya ba ta matsa ba. Wayar ta yi kuka har ta gaji ta katse. Suna kallon juna. Ta sake ɗaukar kuka. Inna ta sauke hannunta a hankali, ta ɗora wayar a cinya. Babban yatsanta ya wuce a kan gilashin sau ɗaya, ba tare da ta duba ba. Ta ce wa Auta ya kira gobe, ta kashe.

"Wa ya koya miki?"

"Ke. Yatsanki nake kallo."

"Tun yaushe?"

"Sati uku na yi."

Yaya ta ce da ta gaya mata. Ba maganar wayar take nufi ba, Inna ma ta san haka. Tsohuwa ta shafa gefen wayar da tafin hannu, ta ce ta gaya mata ta ina, alhali ita ce layin. Shekara goma sha ɗaya duk abin da zai shigo ɗakin nan ko ya fita sai ya bi ta kanta. In mutum yana da ƙorafi a kan ofareta, wa zai kira?

"Kin ce sai dai a fitar da ɗayarmu a kwance. A gaban kowa kika faɗa."

"Kina tsaye a nan inda kike, da kofin magani a hannu. Me kike so in ce?"

Ruwan shayi ya tafasa a kicin. Yaya ta je ta sauke, ta haɗa, babu sukari. Ta kawo da ƙwayoyi biyu, ta tsaya har Inna ta haɗiye.

Alhamis ta yi wanki, Juma'a ta yi guga. Ta kwashe kayan Inna kaf, har da tsummokaran da ba a sawa, ta ɗaure. Ta samu bayan kwali ta rubuta magunguna da manyan baƙaƙe, wanne da safe, wanne bayan abinci, wanne ba a haɗa shi da madara. Ta rubuta ranar komawa asibiti ta gaskiya. Inna na kallonta daga gado. Sau biyu ta buɗe baki, Yaya ta tambaye ta ko ruwa take so. Wayar tana kan taga, Inna ba ta taɓa ta ba a kwana biyun nan, ko da Yaya ta fita shanya. Ƙila kunya ce ta hana ta gaya wa yaran an gane su. Yaya ba ta tambaya ba.

Asabar da hantsi Auta ya iso da matarsa. Tun daga ƙofa ya fara, da fara'a, wai likitan ƙashi ya ce a kawo Inna yau, ba za su daɗe ba. Sai ya ga ƙullin kaya shida a tsakar gida, da katifa a naɗe an ɗaure ta da igiya, da ƙarafan gado a jingine da bango, ƙusoshinsu a cikin leda. Inna na zaune a kan kujera, an yi mata wanka, an ɗaura mata sabon ɗankwali.

"Na ji asibitin ba su da gado," in ji Yaya. "Kama can, yana da nauyi."

Ya kama. Sawu uku suka yi zuwa mota. Matar Auta ta karɓi kwalin magani tana karantawa, idonta ya cika. Yaya ta nuna mata yadda ake ɗaga Inna ta gefen da ba a yi aiki ba, ta sa ta gwada sau biyu a gabanta. Da aka zaunar da tsohuwa a bayan mota, ita ta gyara mata matashin ƙafa.

Auta ya buɗe aljihun mota ya fito da wani kwali sabo, irin na wata huɗu da suka wuce. Ya ce dama sun saya wa Yaya, sun so su ba ta daga baya, don a sa ta a guruf, a dinga jin ta. Yaya ta tambaya wane guruf. Ya dubi ƙasa. Inna ta leƙo ta tagar mota.

"Karɓi, Yaya. Ba wuya. Zan nuna miki."

Yaya ta karɓi kwalin, ta zura hannu ta taga, ta ajiye shi a cinyar Inna kusa da madubinta. Ta ce wa Auta ya bi ramukan titi a hankali saboda ƙugun. Ta koma ciki kafin ya tayar da mota.

Ta share ɗakin. Inda ƙafafun gado suka zauna akwai rami huɗu a ledar ƙasa. A kan taga ta tarar da guntun sabulun nan, ta jefa a kwandon shara. Ta dafa abinci, ta auna gishiri a bakin cokali kafin ta tuna. Ta bar shi haka.

Agogon masaƙa ya nuna bayan la'asar. Ƙaramar wayar ta yi kuka a aljihunta. Ta ciro, ta duba. Lambar madubi ce. Ba wanda ya danna wa Inna, wannan ta sani. Ta bari ta yi kuka sau uku, yadda aka koya musu a wurin aiki, sannan ta ɗaga.

"Wa ake nema?"

"Yaya? Ni ce. Mun iso lafiya. Ɗakin yana da..."

"Tana hutawa," in ji Yaya. "A kira anjima."

Ta danna jan madanni, ta mayar da wayar aljihu.